Kada mu bar gara ta cinye tsofaffin tambura

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da kulki. Tun wajen shekarun 1880 masu kamfanonin taba suka fara saka 'yan katuttuka masu hoton 'yan wasan nan a cikin kwalin sigari. Daga baya masu sayar da cingam suka bi sahu. Yara kan yi wasa da su, iyaye kuma su share su zuba a juji. Da haka suka yi wuya. Katin Honus Wagner, wanda aka buga tsakanin 1909 da 1911, waɗanda suka rage a duniya ba su kai 100 ba. A 2022 an sayar da guda ɗaya dalar Amurka miliyan 7 da dubu 250. A wannan shekarar kuma katin Mickey Mantle na 1952 ya kai miliyan 12 da dubu 600. Abu biyu ke sa musu daraja: ƙarancinsu, da kuma yadda aka adana su ba lanƙwasa ba tabo.

Jama'a masu karatu, mu ba mu san besbol ba, amma muna da tamu 'yar takarda mai hoto, wato tambur, wanda 'yan uwanmu na Najeriya ke kira kan sarki. Ɗan Barto, da ke bakin iyaka cikin ƙasar Matamaye, a kan hanyar Damagaram zuwa Daura da Kano, gari ne na mutane masu dangi a ɓangarorin biyu. Wanda ya buɗe adakar kakansa a irin wannan gari yana iya samun wasiƙu masu tamburan mulki biyu.

An fara tambur a Ingila a 1840, da hoton kan Sarauniya Biktoriya. Arewacin Najeriya ta samu nata a 1900, da kan wannan sarauniya, sa'an nan da na sarakunan da suka gaje ta. Daga nan sunan kan sarki ya fito. A ɓangarenmu kuwa, a 1921 Faransawa suka ɗauki tamburan da suke amfani da su a yankin kogin Kwara, masu hoton mutum bisa raƙumi, suka buga sunan Nijar a kansu. A 1926, shekarar da aka mayar da babban birni daga Damagaram zuwa Yamai, aka fitar da sababbi: wani da masu ɗiban ruwa a rijiya, wani da kwalekwale a kogi, wani kuma da barikin soja na Damagaram. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu aka koma tambur ɗaya ga dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Tamburan Jamhuriyar Nijar sun fara fitowa a 1959.

Kada wani ya zaci zai yi arziki da su. Yawancinsu an buga su da yawa, kuɗinsu kaɗan ne a kasuwar masu tarawa. Amfaninsu a gare mu shi ne shaida. Hatimin gidan waya yana nuna gari da rana. Ambulan guda tana iya faɗa wa jika shekarar da kakansa ya je cirani Kano ko fatauci Kumasi, da sunan wanda ya rubuta masa. Yau wayar hannu ta kusa kashe wasiƙa, abin da ya ɓace kuma ba shi da madadi.

Saboda haka ga shawara. Kada a ɓamɓare tambur daga jikin ambulan, gama rabin labarin yana kan ambulan ɗin. Kada a liƙa shi da gam, kada a taɓa shi da hannu mai maiƙo. A shimfiɗa wasiƙun tsakanin fararen takardu, a sa su cikin akwatin ƙarfe, a ɗora shi bisa dutse ko katako nesa da bango, domin gara da laimar damina. In rani ya shigo a buɗe su sha iska a inuwa.

Waɗanda suka gama yaƙi da jahilci su ne suka fi dacewa da wannan aiki. Su zauna da dattawan gida tun suna da rai, su karanta musu wasiƙun, su rubuta a littafi wane ne ya aiko, daga ina, kuma a wace shekara. Malaman makaranta da hukumomin gari su taimaka musu.