Numfashi Mai Zurfi: Abin Da Yake Yi Wa Jiki Da Abin Da Ba Ya Iyawa

Daga Wakilinmu A Yola

Duk wanda ya taɓa kwana a unguwar Ajiya ta cikin garin Jimeta a watan Maris ko Afrilu ba sai an gaya masa darajar iska ba. A wannan lokaci zafin rana a Yola yakan haura maki 40 a ma'aunin zafi, kwanon rufi ya ɗauki zafi ya riƙe har bayan isha'i, magidanta su fito da tabarmi ƙofar gida suna jiran ko ɗan sanyi zai busa daga wajen kogin Binuwai. Da hunturu kuwa sai abin ya juya, hazo ya rufe gari har mutum ya tsaya a bakin gadar Jimeta ya kasa hangen ƙetare sosai, yara da manya kowa na tari.

A irin wannan gari ne wata magana ta samu karɓuwa a 'yan shekarun nan, musamman ta hanyar wayoyin hannu. Ana cewa wai idan mutum ya lizimci jan numfashi mai zurfi safe da yamma zai cika jininsa da iskar oksijin, ya wanke dattin jiki, ya rabu da hawan jini da ciwon sukari, har wasu kan ƙara da ciwon daji. Da akwai gaskiya a cikin maganar, amma an cakuɗa ta da ƙarin gishiri mai yawa, kuma ƙarin gishirin nan yana iya kai mutum kushewa. Saboda haka ya kamata mu zauna mu tsefe ta.

Yadda Iska Take Shiga Jini

Baligi mai lafiya, idan yana zaune, yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda, watau wajen sau 20,000 ke nan a dare da yini, ba tare da ya sani ba. Kowane ja yakan ɗauko iska kamar rabin lita. A cikin iskar nan kashi 21 bisa ɗari ne kaɗai oksijin, kuma wadda muke fitarwa ma tana fita da kashi 16 nata. Wannan ne ya sa ake iya ceton wanda ya nutse a ruwa ta hanyar hura masa numfashi a baki.

Iskar oksijin ɗin nan tun fil azal ake shaƙarta, amma ba a rarrabe ta daga sauran iska ba sai a ƙarni na 18. Wani Bature mutumin Ingila, Joseph Priestley, ya tace ta a shekarar 1774, sa'an nan wani masani na ƙasar Faransa, Lavoisier, ya raɗa mata suna.

Idan iska ta bi ta hanci ta gangara maƙogwaro, sai ta rarrabu cikin rassa kamar na itace, har ta ƙare a wasu 'yan mitsi-mitsin jakunkuna da ke cikin huhu, waɗanda yawansu ya kai miliyan ɗari uku ko fiye. Da za a buɗe su a shimfiɗa da sun rufe daɓen ɗakuna huɗu. A nan ne oksijin yake ratsawa ya shiga jini, jajayen ƙwayoyin jini su ɗauke shi su kai ko'ina, su kuma dawo da iskar kabon da jiki ya gama da ita a fitar.

To ga inda gizo yake saƙa. Jinin mai lafiya a cike yake da oksijin tun kafin ya ja wani dogon numfashi. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙala wa a yatsa, wadda wani injiniya mutumin Japan, Takuo Aoyagi, ya ƙago dabararta a farkon shekarun 1970, jama'a da yawa kuma suka san ta lokacin annobar korona da ta shigo Nijeriya a watan Fabrairun 2020. Idan aka sa wa mai lafiya ita takan nuna 95 zuwa 100. Tulun da ya cika, ko an ƙara masa ruwa zuba zai yi. Duk wanda ya ce maka zai ninka maka oksijin da numfashi, ko dai bai sani ba ko kuwa akwai abin da yake so ya sayar maka.

Ina Amfanin Yake?

Amfani na nan, sai dai ba a inda ake nuna mana ba.

Da farko, ba duk iskar da aka ja take kaiwa jakunkunan nan ba. Kimanin mililita 150 takan tsaya a hanya, cikin hanci da maƙogwaro, ta koma waje ba ta yi aikin kome ba. Mai karatu ya yi wannan lissafi da kansa. Mutum ɗaya yana haki, yana jan mililita 250 sau 24 a minti. Wani yana jan mililita 500 sau 12. Dukansu lita shida suka shaƙa. Amma idan aka cire abin da ya tsaya a hanya, na farko lita 2.4 ce ta kai huhunsa, na biyu kuwa lita 4.2. Ashe gajeren numfashi na sauri-sauri wahala ce mai yawa, riba kaɗan. Dalili ke nan da ya sa ma'aikatan jinya suke matsa wa wanda aka yi wa aikin ciki ko tiyatar haihuwa ya riƙa jan dogon numfashi yana tari ko da yana jin zafi, domin in ya ƙi, ƙasan huhunsa sai ya lanƙwashe, majina ta taru, ciwon nimoniya ya samu wurin zama. Haka nan masu tsohon ciwon huhu akan koya musu su ja ta hanci su saki a hankali ta tsukakken baki, kamar mai hura koko.

Amfani na biyu, wanda a ganina ya fi shafar yawancinmu, shi ne abin da numfashi a hankali yake yi wa zuciya. Akwai wata doguwar jijiya da ta taso daga ƙasan ƙwaƙwalwa ta bi ta wuya ta sauka zuwa zuciya da huhu da hanji. Aikinta kamar linzami ne ga doki. Duk lokacin da mutum ya saki numfashi a hankali, sai linzamin nan ya ɗan ja, bugun zuciya ya ragu. In aka yi haka na wasu mintoci, jiki yakan saki, faɗuwar gaba ta lafa, awon jini ya ɗan sauko. Wani likita a Jami'ar Harvard ta Amurka, Herbert Benson, ya wallafa littafi a kan wannan hali na natsuwar jiki tun a shekarar 1975. A shekarar 2001 kuma wani likitan Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani bincike a mujallar likitocin Ingila, inda suka ga cewa masu maimaita addu'a a hankali numfashinsu yakan sauko zuwa wajen sau shida a minti, kuma a daidai nan ne bugun zuciya da awon jini suke tafiya tare cikin tsari. Ban yi mamaki ba da na karanta wannan. Duk wanda ya lura da dattijo zaune bayan sallar asuba yana jan carbi ba gaggawa, ya ga irin wannan numfashi da idonsa. Iyayenmu ma da suke ce wa mai fushi ya zauna ya sha ruwa ya sauke ajiyar zuciya, ba su karanta mujallar kowa ba.

Yinsa ba wuya. Mutum ya zauna ya miƙe bayansa, ya ɗora hannu a kan cibiya, ya ja iska ta hanci yana ƙirga huɗu, ya tabbata ciki ne yake tasowa ba kafaɗu ba, sa'an nan ya saki yana ƙirga shida. Minti biyar zuwa goma ya isa. Kada a yi da ƙarfi ko da sauri. Mai jan numfashi da ƙarfi a jere yana korar iskar kabon fiye da kima, jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa su tsuke, sai jiri ya kama shi, yatsu da leɓɓa su yi ta tsira. Wasu suna ɗaukar wannan jiri wai alamar magani ya fara aiki ne. Ba haka ba ne, alama ce ta a dakata.

Saukin da numfashi yake kawo wa hawan jini kuwa ɗan kaɗan ne, taimako ne ga magani, bai kai ya tsaya a madadinsa ba. Hawan jini ba ya sallama. Mutum yana iya ajiye ƙwayoyinsa ya yi wata uku yana jin garau, ran nan a wayi gari ɓarin jikinsa ya shanye. Wanda likita ya ɗora a kan magani ya ci gaba da shansa, ya haɗa da numfashin in yana so. Maganar warkar da sukari ko daji kuwa ba ta da tushe ko kaɗan.

Wace Iska Ake Ja?

Wannan ita ce tambayar da masu wa'azin numfashi ba su cika yi ba, alhali a Jimeta ita ce gaba da kome. Ƙurar hunturu da take rufe mu daga watan Disamba zuwa Fabrairu mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa, a arewacin ƙasar Cadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar gari mai laushi. Mafi ƙanƙantar ƙurar nan gashin hanci ba ya tare ta, har cikin huhu take kaiwa. Wanda ya fita bakin titi ranar da hazo ya yi kauri, tsakanin hayaƙin Keke Napep da na manyan motoci, ya ce zai ja dogon numfashi don lafiya, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. A irin wannan rana a yi a cikin ɗaki, mai asma kuwa ya rufe hanci in zai fita, maganin shaƙarsa yana aljihu.

Cikin gida ma ba a tsira ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki da makamantansa a cikin gidaje ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a shekarar 2020. Uwargida tana durƙushe gaban murhu a ƙuntataccen madafi, ɗanyen itace yana hayaƙi, goyo yana bayanta yana shaƙa tare da ita. Taga ɗaya da busasshen itace za su yi wa huhun yaron nan abin da numfashin shekara ba zai yi ba.

Mafi muni shi ne janareto da kaskon gawayi. Suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, kuma jini ya fi son ta a kan oksijin fiye da sau 200. Tana shiga sai ta kame gurbin, mutum ya ji ciwon kai da kasala, barci ya ɗauke shi, shi ke nan. Sau nawa jaridu suka kawo labarin iyali guda da aka fasa ƙofa aka tarar da su duka, Allah Ya kiyaye? Tsoron ɓarawo ne yakan sa a shigar da injin cikin zaure ko baranda a rufe. A saya masa sarƙa da kwaɗo a bar shi a fili, nesa da taga.

Numfashin Da Ya Kamata A Ƙirga

Akwai mutanen da oksijin ɗinsu yake yin ƙasa da gaske, kuma su ba atisaye suke bukata ba, asibiti suke bukata. Mai ƙarancin jini, ko daga zazzaɓin cizon sauro ko ciki ko sikila, huhunsa lafiya lau, masu dakon ne suka yi kaɗan, kome zurfin numfashinsa ba zai daina haki ba sai an gyara jinin. Mai tarin da ya wuce mako biyu ya je a gwada majinarsa, gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Sai kuma yara. Ciwon nimoniya ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 700,000 a duniya a shekarar 2019, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashen da suka fi kowa asara. Da yawansu a gida ake riƙe su ana cewa mura ce ko haƙori, ana turare ana shafa man zafi, sai abu ya ƙazanta a ɗauko su. Alhali kowace uwa tana iya ganewa da agogon wayarta. A bari yaro ya natsu, a ɗaga rigarsa, a ƙirga tashin ƙirjinsa na cikakken minti guda. Jaririn da bai kai wata biyu ba, sau 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara guda, sau 50. Daga shekara guda zuwa biyar, sau 40. In kuma ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk sa'ad da ya ja iska, ko ya kasa shan nono, ko leɓɓansa sun sauya launi, to ba a jiran gari ya waye.

A watan Mayu na shekarar 2023 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar da ƙuduri cewa ƙasashe su wadata asibitocinsu da iskar oksijin, bayan abin da aka gani a lokacin korona. Ga mazauna Ajiya da Limawa da Alkalawa da Luggere da sauran unguwannin Jimeta, Asibitin Ƙwararru yana nan cikin gari, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama kuma yana Yola. In an kai yaro mai irin waɗannan alamu, ko a ƙaramin asibitin unguwa ne, uwa ta roƙi a sa masa na'urar nan ta yatsa. Idan ta nuna ƙasa da 90, yaron nan oksijin na asibiti yake bukata a take.