Ziyarar Kwatarkwashi da Wuraren Tarihi na Kewayenta

Garin Kwatarkwashi yana cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, a gabas da Gusau, kan babbar hanyar da ta nufi Tsafe da Funtuwa. Matafiyin da ya baro Gusau ba zai daɗe ba zai hango dutsen ya tokare sama, garin kuwa yana shimfiɗe a gindinsa. Mutane da yawa kan wuce ta nan su yi mamakin girman dutsen kawai, alhali wanda ya tsaya ya bincika zai tarar wannan yanki na ɗauke da babban kaso na tarihin ƙasar Katsinar Laka, wato kudu maso yammacin tsohuwar daular Katsina, wadda wani ɓangarenta ya faɗo cikin Jihar Zamfara lokacin da aka ƙirƙiro jihar a 1996.

Dalilin zama a gindin dutse

Mutanen da ba su zaɓi wannan wuri a banza ba. Dutse garkuwa ne a zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, domin daga samansa ana hango maƙiyi tun yana nesa, kuma kogunansa mafaka ne ga mata da yara. Ruwan da ke gangarowa daga jikinsa da damina yana jiƙa ƙasar da ke kewaye, sai noma ya yi albarka. Bayan haka, kafin Musulunci ya kafu, Maguzawa sun ɗauki manyan duwatsu a matsayin mazaunin iskoki, kuma Kwatarkwashi ta yi suna da tsafin Magiro.

Tarihin baka na garin ya nuna cewa wani maharbi mai suna Mangul ne ya fara kafa shi. Abin da ya fi fito da sunan garin shi ne bikin Baura da kamun maiki, inda samari ke hawa dutse su kamo wannan babban tsuntsu da ke sheƙa a tsagoginsa, a yi kiɗa da wasanni na nuna jarunta. An daina bikin yayin da Musulunci ya yi ƙarfi. Shi kansa maikin ya yi ƙaranci a Afirka ta Yamma, har ma a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi cikin jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa.

'Yandoto da Tsafe

Idan aka ci gaba zuwa wajen Tsafe, akwai 'Yandoto, wadda ita ce mataki na biyu na wannan ziyara. Idan Kwatarkwashi ta shahara da dutse, 'Yandoto da ilimi ta shahara, domin ƙarnoni kafin jihadi ɗalibai na zuwa daga nesa don ɗaukar karatu wurin malamanta. Tarihin Katsina ma ya nuna cewa Korau, wanda ya kayar da Sanau ya hau gadon sarauta, mutumin 'Yandoto ne. A wajen shekarar 1806, bayan da malaman garin suka ƙi bin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, rundunar Muhammadu Bello ta ci garin, jama'arsa suka watse. Sunan bai ɓace ba, domin har yau sarautar Tsafe 'Yandoton Tsafe ake kiranta.

Gusau kanta daga wannan juyi ta fito. Malam Sambo Ɗan Ashafa, ɗaya daga cikin magoya bayan Shehu a wannan yanki, shi ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, kuma sarautarta, Sarkin Katsinan Gusau, tana tuna asalin ƙasar. Zuwan jirgin ƙasa daga Zariya a ƙarshen shekarun 1920 ya mai da ita cibiyar cinikin gyaɗa da auduga, sai ta shige gaban tsofaffin garuruwan da suka girme ta. Ke nan a tafiyar yini guda mutum zai ga zamani uku: na dutse da tsafi, na malamai da allo, da na jihadi da kasuwancin zamani.

Yadda ya kamata a yi ziyara

Baƙo ya fara da fada. Al'ada ce a kai gaisuwa, a faɗi abin da ya kawo mutum, sannan a haɗa shi da ɗan gari wanda ya san hanyoyin dutse. Kada a hau ba jagora, domin akwai santsi da ramuka, ga macizai. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan kaka zuwa hunturu, sa'ad da ciyawa ta bushe kuma zafi bai tsananta ba, a fara hawa da sassafe, a riƙe ruwan sha. Kada a ɗauki hoton mutane ko gidajensu sai da izini. Wanda ya ga tsingaro, ko dutsen niƙa, ko kwan ƙarfe na tsohuwar maƙera, ya bar shi inda ya same shi, domin abin da aka ɗauke daga mazauninsa ya rasa rabin bayaninsa.

Wajibi ne kuma a faɗi gaskiya game da tsaro. Fiye da shekara 10 ke nan 'yan bindiga na addabar ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da hanyar Gusau zuwa Funtuwa. Saboda haka kada a kama hanya sai an tuntuɓi masarauta da jami'an tsaro, kada a yi tafiyar dare, kada kuma a kutsa daji da sunan neman kufai. In aka ce a dakata, to a dakata.

Abin da ke cikin haɗari

Dutse ba ya zuwa ko'ina, amma masu ba da labarinsa suna tafiya. A 2022 Allah ya yi wa Sarkin Kwatarkwashi, Alhaji Ahmad Umar, rasuwa bayan shekara 61 a kan karaga, Allah ya jiƙansa. Dattawan da suka ga bikin Baura da idonsu sun rage ƙalilan, wasu kuma rashin tsaro ya tashe su daga ƙauyukansu, sun koma unguwannin Gusau inda ba mai tambayarsu komai. Idan ƙauye ya watse, sunayen gonaki da rijiyoyi da maƙabartu da zuriyoyi na watsewa tare da shi.

Don haka muna kira ga malaman makarantu da ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, da 'ya'yan waɗannan garuruwa, su zauna da dattawan nan duk inda suke, su naɗi bayanansu ko da a wayar hannu ce, su rubuta sunan mai magana da garinsu da ranar da aka yi hira, sannan a adana a fada da ɗakunan karatu. Wannan aiki ba ya jiran hanya ta yi kyau. Allah ya dawo mana da zaman lafiya, ya sa jikokinmu su hau Dutsen Kwatarkwashi suna sane da tarihin abin da suke takawa.