Babbar Manhaja: Tambayar Da Ake Mantawa Wajen Sayen Kwamfuta

Idan mutum ya je kasuwa sayen kwamfuta, musamman irin ta tokumbo, abin da yakan duba shi ne kyawun jikinta, da faɗin allonta, da ko batirinta yana riƙe wuta. Ba kasafai ake tambayar abin da yake tafiyar da ita daga ciki ba. Alhali kuwa wannan abin, wato babbar manhaja, shi ne zai nuna ko kuɗin mutum ya yi masa rana, ko kuwa wahala ya sayo.

To, mece ce babbar manhaja? Ita dai kwamfuta ƙarfe ce da roba da wayoyi, ba ta san komai ba sai abin da aka umurce ta. Umurnin da ake rubuta mata shi ake kira manhaja. Akwai ta buga wasiƙa, akwai ta lissafin kuɗi, akwai ta kallon hotuna. Amma dukansu ba sa taɓa injin kai tsaye, sai sun bi ta hannun guda ɗaya wadda take bisansu. Ita ce babbar manhaja, kamar su Windows, da Linux, da macOS, da kuma Android ta wayar hannu.

Aikinta ya yi kama da na sarkin tasha. Motoci da yawa suna son lodi, layi kuwa ɗaya ne, saboda haka dole a sami mai cewa wane ya shiga, wane ya dakata. Haka ƙwaƙwalwar kwamfuta take. Mutum yana rubutu, waƙa tana tashi, injin buga takarda yana aiki, sai ya zaci duk a lokaci guda ake yinsu. Sau da yawa ba haka ba ne. Babbar manhaja ce take ba kowane aiki ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba, ta janye shi, ta sa wani, da saurin da ido ba ya kamawa. Ita ce kuma take yanka wa kowace manhaja wurin zamanta a ma'ajiya, ta hana wata shiga gonar wata. Ita take sanin inda kowane fayil yake kwance, da wanda aka yarda ya buɗe shi.

Da can babu wannan sauƙi. A shekarun 1950 kwamfuta takan cika ɗaki guda, mai aiki yakan kawo umurninsa a kan katuna masu huji, a tara su, injin ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne iri na farko, na aiki tari-tari. A 1961 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna tsarin rabon lokaci, inda mutane da dama suke amfani da inji ɗaya tare. Daga wannan tunani ne Unix ta fito a 1969, aikin Ken Thompson da Dennis Ritchie a Bell Labs. Sai MS-DOS a 1981, wadda tsofaffin akawu za su tuna: baƙin allo, babu hoto, sai ka haddace umurni ka buga, ka kuskure harafi ɗaya ta ƙi ka. Macintosh a 1984 da Windows a 1985 suka yaɗa tsarin danna hoto da muka saba da shi yanzu.

Akwai kuma irin da ba ma gani, wanda yake cikin na'urorin asibiti da jiragen sama, inda jinkirin daƙiƙa ɗaya zai iya cin rai.

Linux kuwa labarinta daban ne. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, mai suna Linus Torvalds, ya rubuta ta ya sake ta ga duniya kyauta, kowa ya duba cikinta ya gyara. A kanta aka gina Android da ta fito a 2008. Ashe mai riƙe da irin wannan waya a Kafanchan ko Maraɗi yana amfani da Linux bai sani ba.

Yanzu ga inda maganar ta shafi aljihu. Babbar manhaja tana da wa'adi. Muddin kamfanin da ya yi ta yana kula da ita, yakan aiko da gyara duk lokacin da aka gano wata kafa da ɓarayi za su iya shiga. Ran da ya daina, kafar takan zauna a buɗe. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja da ake kira WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, tana neman fansar dala 300. Asibitocin gwamnati a Ingila sun soke ganin dubban marasa lafiya. Abin takaicin shi ne Microsoft ta riga ta fitar da gyaran tun watan Maris, waɗanda abin ya ci ba su sa shi ba ne.

Microsoft ta daina kula da Windows 7 a Janairun 2020, ta kuma rufe kulawar yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 kuwa ba kowane inji take karɓa ba, da yawa daga cikin waɗanda aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharaɗinta ba. Irin waɗannan ne ofisoshin Turai suke sallamarwa, a ƙarshe su sauka a kasuwanninmu da araha. Makaranta ko ƙaramin asibiti da zai zuba sunayen mutane da lissafin kuɗi a cikin irin wannan inji, ya kuma haɗa shi da intanet, a ganina ganganci ne.

Ba wai a jefar da tsohon inji ba. Mai gyara da ya san aikinsa zai iya sa masa Linux, irin su Ubuntu ko Linux Mint, ba a biyan ko kwabo, kuma buga takarda da lissafi duk za su yiwu. Sai dai za a ɗan sha wuyar sabo, kuma wasu manhajojin Windows ba za su yi aiki a kanta ba, don haka a fara tambaya tukuna.

Wanda yake so ya san abin da ake sayar masa, ya danna maɓallin Windows tare da harafin R, ya rubuta winver, ya danna Enter. Sunan babbar manhajar zai fito a allo tun mai kaya bai karɓi kuɗi ba.