Uban Ƙungiya da Littafin Ma'aji: Raunin Kwamitocin Amintattu a Ƙungiyoyin Yaƙi da Talauci

Gabatarwa

Da wuya a sami babban gari a yammacin Jihar Kano, tun daga Kabo da Garo har zuwa Gwarzo da Getso, wanda ba shi da ƙungiyar taimakon kai da kai ko asusun tallafa wa marasa ƙarfi. Akan kafa irin waɗannan ƙungiyoyi da kyakkyawar niyya, a tara kuɗi a bainar jama'a, sa'an nan bayan 'yan shekaru a ji shiru. In an tambaya sai a ce sakatare ya ci amana. Wannan lacca za ta nuna cewa cin amanar ma'aikaci rabin labarin ne kawai. Ɗaya rabin yana wuyan kwamitin amintattu, watau mutanen da aka ɗora wa alhakin sa ido a kan dukiyar, domin sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Uba daban, amintacce daban

A al'adar Hausawa, idan za a kafa ƙungiya akan nemi mai sarauta ko attajiri ko babban malami a naɗa shi uban ƙungiya. Aikinsa shi ne ya sa albarka, ya sasanta rikici, kuma sunansa ya jawo gudummawa. Amintacce kuwa a idon doka wani abu ne daban. Tun daga Dokar Kamfanoni ta 1990, ƙungiyar da ta yi rajista tana mallakar kadarori ne da sunan amintattunta, kuma su ake tuhuma in dukiya ta salwanta. Matsalar tana farawa ne a lokacin da aka cika kwamiti da iyayen ƙungiya, aka ɗora musu aikin amintattu ba tare da sun san nauyinsa ba. Babban mutum yana ganin ƙasƙanci ne ya zauna yana ƙirga rasit. Ƙaramin ɗan kwamiti kuma yana jin nauyin ya yi tambaya a gaban manya. Ta haka kunya, wadda take ado a zaman gida, takan zama mayafi ga ɓarna a ofis.

Misalin Bankin Talakawa

A shekarar 1989, lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya jefa jama'a cikin ƙunci, gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa Bankin Talakawa na Nijeriya, aka kuma tabbatar da shi da dokar soja mai lamba 22 ta 1990. Ko da yake na gwamnati ne, ba don cin riba aka kafa shi ba. An kwaikwayi Bankin Grameen ne na Muhammad Yunus a Bangaladash, wanda yake bai wa talakawa ƙaramin rance ba tare da jingina ba, 'yan rukuni suna tsaya wa juna. Shugaban hukumar gudanarwarsa shi ne Tai Solarin, malamin da ya kafa makarantar Mayflower a Ikenne a 1956, mutumin da ko abokan hamayyarsa suka shaida gaskiyarsa. Duk da haka, bayan 'yan shekaru sai ya ajiye muƙamin yana kukan almundahana a cikin bankin. A shekarar 2000 aka haɗe bankin da wasu hukumomi biyu, aka tayar da wanda ya zama Bankin Manoma a 2010.

Abin lura a nan shi ne, gaskiyar shugaba ita kaɗai ba ta tsare asusu. Idan gwamnati ce take naɗa manajan, ita ce kuma kaɗai take iya sauke shi, to hukumar gudanarwa ta zama 'yar kallo, komai nagartar wanda yake kan kujera.

Wannan ciwo bai tsaya ga Nijeriya ba. A Amurka, William Aramony ya shugabanci ƙungiyar agaji ta United Way daga 1970 zuwa 1992, a ƙarƙashin kwamiti mai cike da shugabannin manyan kamfanoni. 'Yan jarida ne suka tona yadda yake kashe kuɗin ƙungiyar a kan bukatun kansa, kuma a 1995 kotu ta ɗaure shi shekara 7. Manyan sunaye sun kawo kuɗi, amma ba su buɗe littafi ba.

Yadda ɓarna take shiga

A ɗauka cewa wata ƙungiya ta tara kuɗi domin sayen taki ta rantar wa manoman rani na bakin madatsar ruwa ta Guzuguzu a ƙasar Kabo. Ta ƙofa 3 ɓarna takan shigo. Ta farko, mutum ɗaya ne yake rubuta sunayen masu karɓa, shi yake sayen takin, shi kuma yake kawo rahoto. Ta biyu, ana saka sunan ɗan'uwan wani ɗan kwamiti a jerin, daga ranar kuwa bakin wannan ɗan kwamitin ya mutu. Ta uku, ana cin uwar kuɗi wajen mota da walima da alawus, ba a ware komai domin ranar wahala ba. Wanda yake ɗaukar asarar shi ne manomin da ya yi shuka bisa alkawari, takin bai zo ba sai da lokacinsa ya wuce.

A kwatanta wannan da adashin matan karkara. Uwar adashi ba ta da rajista, ba ta da ofis, amma kowace mai zubi ta san adadin zubi da ranar kwasa da wadda za ta kwasa. Da wuya a ɓoye ko da zubi ɗaya. Ƙarfin adashi shi ne masu dukiyar su ne masu sa ido.

Matsayin doka

Dokar Kamfanoni ta 2020 ta zo da sashe na 839, wanda ya tanadi dakatar da amintattu a naɗa masu riƙon ƙwarya idan an sami rashin iya gudanarwa. Ƙungiyoyin addini da na farar hula sun yi adawa da shi, kuma a 2023 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukuncin cewa ya saɓa wa tsarin mulki. Ko yaya gardamar ta ƙare, jami'in da yake Abuja ba zai ga littafin ma'ajin Kutama ko Lakwaya ba sai bayan ɓarna ta auku. Tsaron farko yana hannun mutanen garin.

Kammalawa

Gyaran ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A bar iyayen ƙungiya a matsayinsu na girma, a zaɓi amintattu daga masu lokaci da sanin lissafi, har da mace da wakilin masu amfana. A ƙayyade wa'adinsu. Kada kuɗi ya fita sai da sa hannun mutum 2, kuma mai saye ya bambanta da mai biya. A kawo mai binciken kuɗi daga waje wanda kwamiti ne ya ɗauko shi, ba manaja ba. Sa'an nan a karanta lissafin shekara da Hausa a gaban taron jama'a. Wanda duk yake ganin neman rasit rashin yarda ne, sai ya tuna cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma muminai aka umarta da haka a tsakaninsu.

Ɗalibi ko ma'aikacin gwamnati da mutanen garinsu suka gayyata ya shiga kwamiti, ya kamata kafin ya amsa ya tambayi ranar da aka yi taro na ƙarshe, da wanda yake riƙe da littafin banki. In ya karɓi kujerar, to ya san cewa kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.