Kirsimeti Biyu a Gaɓar Shuɗin Nilu

Disamba a Suki watan aiki ne. Sanyi ya sauka, an gama da riɗi, ana kan yankan dawa, auduga ta fara fashewa fari fat. Bahaushen Suki ko na Maiwurno, ko na ƙauyukan da suka jeru a gaɓar kogi tsakanin Sinnar da Sinja, hankalinsa na kan buhu da farashi, ba shi da biki a watan sai in Maulidi ko Salla ta zagayo ta faɗo ciki. Maƙwabtansa Kirista ne ke da biki, kuma a Sudan sau biyu yake zuwa. 'Yan Katolika da 'yan Angilikan da mabiya cocin Injila, waɗanda galibinsu 'yan Sudan ta Kudu ne da mutanen duwatsun Nuba da ƙabilun kudancin Shuɗin Nilu irin su Uduk, suna yin nasu ran 25 ga Disamba. Kibɗawa da Habashawa da Iritiriyawa 'yan Otodoks kuwa sai sun ƙara kwana 13, su yi ran 7 ga Janairu.

Da yawa cikinmu sun ɗauka Turawan mulkin mallaka ne suka shigo da bikin ƙasar nan. Ba haka ba ne. Kakanninmu da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, sun iso bakin wannan kogi ne bayan yaƙin Burmi na 1903. Amma tun a shekarar 580 wani bishop mai suna Lonjinus ya yi wa sarkin Alwa baftisma, kuma babban birnin Alwa, wato Soba, a bakin wannan Shuɗin Nilu yake, kusa da Khartoum ta yau. Daular ta yi shekara wajen 900 tana Kiristanci kafin ta faɗi, Funj su kafa Sinnar a 1504. Can arewa a Faras, masu haƙar kayan tarihi 'yan ƙasar Folan sun tono wata babbar majami'a daga cikin rairayi tsakanin 1961 da 1964, suka tarar da zanen haihuwar Almasihu a bango: Maryamu kishingiɗe, jariri cikin komin dabbobi, makiyaya a gefe, masanan nan uku na gabas suna tahowa a kan dawakai. Nubiyawa ne suka yi sujada a gaban wannan bango, ƙarnuka kafin Bature ya san hanyar Khartoum.

Ranar haihuwar kanta ba wanda ya rubuta ta. Injilar Matiyu da ta Luka sun ba da labarin Baitalami da makiyaya da tauraro, ba su faɗi wata ko rana ba. Suratu Maryam, wadda kowane almajiri a nan ya sani, ta kawo naƙuda a gindin dabino, ita ma ba kwanan wata. Rubutu mafi tsufa da ya nuna ana bikin ran 25 ga Disamba daga birnin Rum yake, a shekarar 336. Masana sun kasu biyu kan dalili. Wasu sun ce coci ce ta ɗora bikinta a kan ranar da Rumawa ke bikin rana, lokacin da dare ya kai matuƙar tsawo, yini ya fara ƙaruwa. Wasu sun ce lissafi ne kawai: an ɗauka cikin ya shiga ran 25 ga Maris, aka ƙirga wata tara. Ni dai na fi karkata ga masu lissafi, don malaman addini na kowace al'umma suna son ƙirge, amma babu mai iya rantsuwa. Bambancin kwana 13 kuwa ba saɓanin aƙida ba ne. A 1582 Paparoma Giregori na 13 ya gyara kalanda, cocin Iskandariya, wato ta Kibɗawa, ta ƙi bi, ta riƙe nata watanni. A wurinta ranar ita ce 29 ga watan Kiyak, kuma ita ce ke faɗowa 7 ga Janairu.

Abin da zai fi ba Musulmi mamaki a al'adar Kibɗawa shi ne azumin. Daga 25 ga Nuwamba suke farawa, kwana 43, ba nama, ba ƙwai, ba madara, ba man shanu. Ful da adas da ɗa'amiyya su ne abinci, wato dai abin da talakan Sudan ke ci kullum, sai kifi a wasu ranaku. Dararen watan Kiyak a coci ake raya su da waƙoƙin yabo cikin harshen Kibɗanci da Larabci, ana kaɗa ƙananan kuge. Daren 6 ga Janairu a yi doguwar addu'a cikin hayaƙin lubban har tsakar dare, sannan kowa ya nufi gida inda fatta ke jira: gutsattsarin burodi an jiƙa da romon nama, shinkafa a sama, tafarnuwa da nama a kai. Wanda ya taɓa ganin yadda ake faɗa wa abinci ranar ƙaramar Salla ba ya bukatar a kwatanta masa. Kibɗawa 'yan birni ne, a birane irin su Omdurman da Atbara da Wad Madani suka fi zama, an san su da kasuwanci da aikin banki da kantin magani, don haka mutumin ƙauyenmu ya fi haɗuwa da su idan ya shiga Madani.

Na 25 ga Disamba ya fi kusa da mu, don masu yin sa da su ake yankan dawa da tsintar auduga. Nasu ya fi fitowa fili. Ana ɗinka sababbin kaya, tela ya kwana a kan keke. Mata su kwaba fulawa da sukari da man shanu, su buga ka'ak da biskit, 'yan mata su ɗora farantan ƙarfe a ka su kai gidan burodi a gasa, su dawo da su da zafinsu a rufe da mayafi. Kayan toye-toyen nan ɗaya suke da na Sallarmu, ba abin da aka sauya. Da dare a cika coci, wadda a unguwannin leburori wani lokaci rumfar zana ce, a yi ta waƙa da ganga da rawa. Gari na wayewa yara su bi gida-gida karɓar alawa, manya su zauna shan shayi da jabana, wato gahawa, maƙwabci Musulmi ya leƙo ya ce barka da shekara, a miƙo masa faranti.

Bishiyar ado da Baba Nuwel baƙi ne na baya-bayan nan. Bishiyar al'adar Jamusawa ce, ta bazu a Ingila bayan wata jarida ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da iyalinta a gindinta a 1848. Tsohon mai jar riga kuwa asalinsa Nikolas ne, bishop na garin Mira a Turkiyya ta yau, a ƙarni na 4, wanda ya yi suna wajen kyauta a ɓoye. A Suki ba dusar ƙanƙara, ba irin wannan itace, sai ta roba a kantunan manyan birane.

Siyasa ma ta taɓa bikin. Bayan ɓallewar Kudu a 2011 gwamnatin Bashir ta cire 25 ga Disamba daga ranakun hutu, sai a 2019 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Abdalla Hamdok ta mayar da ita, har ministan harkokin addini ya nemi gafarar Kirista a bainar jama'a. Murnar ba ta daɗe ba, yaƙi ya ɓarke. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF masu faɗa da sojojin gwamnati ana saura mako guda Kirsimetin 2023, yaƙi ya iso Sinja da Suki a 2024, Kirista da Musulmi suka yi gudun hijira a mota ɗaya zuwa Gadarif da Kasala.

Ga Kibɗawa, hidimar ba ta ƙarewa ran 7 ga wata. Bayan kwana 12, ran 19 ga Janairu, sai idin Giɗas, tunawa da baftismar Almasihu a kogin Urdun, wanda Habashawa ke kira Timkat suna fita jerin gwano zuwa bakin ruwa. Ranar nan a gidan Bakibɗe gwaza ake dafawa, a kawo rake da lemo, yara su yi ta sha har haƙora su gaji.