Ra'ayin Magoya Baya Game da Ƙungiyarsu ta Ƙwallon Ƙafa: Nazarin Abin da Ya Faru a Leicester City, 2015 Zuwa 2017

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba yadda magoya bayan ƙungiyar ƙwallon ƙafa suke yanke hukunci a kan abubuwa uku, watau 'yan wasansu, da mai horad da su, da kuma yadda kakar wasa take tafiya. Mai yiwuwa wani ya ce wannan hirar bakin titi ce, ba ta cancanci zauren ilmi ba. To, amma idan aka lura za a ga cewa ra'ayin nan yana raba mutum da aikinsa, yana zubar da mutuncin ɗan wasa, wani lokaci har ya jawo barazana ga rayuwa. Saboda haka ya kamata a san yadda yake tsirowa, da inda yake dacewa da gaskiya, da kuma inda yake kauce mata.

Domin kada bayanin ya zama na iska, an ɗauki misali guda, watau ƙungiyar Leicester City ta ƙasar Ingila, daga shekarar 2015 zuwa 2017. Dalilin zaɓenta shi ne cewa a cikin wannan ɗan taƙin ta ga matuƙar ɗaukaka ta kuma ga ƙasƙanci, alhali kuwa mai horarwa bai canja ba, yawancin 'yan wasan ma su ne dai na jiya.

2.0 Matsayin Mai Goyon Baya

Akwai bambanci tsakanin ɗan kallo da mai goyon baya. Ɗan kallo ya zo ne ya ga wasa mai kyau, ko wa ya ci bai dame shi ba. Shi kuwa mai goyon baya ya riga ya ɗaura mutuncinsa a wuyan ƙungiya, in ta ci ya yi tafiya da ƙafa biyu, in aka cinye ta ya rasa inda zai sa kansa a majalisa.

A shekarar 1976 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Robert Cialdini, tare da abokan aikinsa, sun bi diddigin ɗaliban wasu jami'o'i, suka tarar cewa bayan ƙungiyar makarantarsu ta yi nasara ɗalibai sun fi sa tufafi masu alamar makarantar, kuma sun fi cewa "mun ci". Idan kuwa aka sha kashi, sai "mu" ta ragu a bakinsu, "su" ta ƙaru. Ashe ke nan tun daga wakilin suna ake gane cewa hukuncin mai goyon baya ba na alƙali ba ne, na mai ƙara ne wanda abin ya shafa. Wannan shi ne tushen duk abin da zai biyo baya.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Al'amarin

A kakar 2014/15 Leicester ta daɗe a ƙasan teburin gasar Firimiya, sai daga ƙarshe ta ci wasa 7 cikin 9 da suka rage, ta tsira a matsayi na 14 da maki 41. Duk da haka aka sallami mai horarwa Nigel Pearson, aka kawo Claudio Ranieri, mutumin Italiya, a watan Yuli na 2015. Mutane da yawa ba su yi murna da zuwansa ba, domin aikinsa na baya shi ne horad da ƙungiyar ƙasar Girka, inda aka kore shi a 2014 bayan tsibiran Faro, waɗanda ba a lissafa su cikin masu ƙwallo, sun cinye su har gida. Masu caca a Ingila sun sa yiwuwar Leicester ta ɗauki kofi a kan 1 cikin 5,000.

Sai ga shi a kakar 2015/16 ƙungiyar ta ci wasa 23, ta yi kunnen doki 12, aka cinye ta sau 3 kacal, ta ɗauki kofin da maki 81, ta bai wa Arsenal da ke biye da ita ratar maki 10. Jamie Vardy ya ci ƙwallo 24, Riyad Mahrez ɗan Aljeriya ya ci 17. A watan Janairu na 2017 hukumar FIFA ta zaɓi Ranieri gwarzon mai horarwa na duniya. Ba a yi wata biyu ba, ranar 23 ga Fabrairu 2017, aka kore shi. A lokacin ƙungiyar tana ta 17 da maki 21 daga wasa 25, maki ɗaya ne tak tsakaninta da masu faɗuwa, kuma ta yi wasan gasa 6 a jere ba ta zura ƙwallo ko ɗaya ba.

4.0 Hukunci a Kan Mai Horarwa

Cikin wata 19 an yi wa mutum ɗaya hukunci uku. Da ya zo an ce ya tsufa, zamaninsa ya wuce. Da ya ɗauki kofi aka ce babu kamarsa. Da al'amura suka rikice wasu suka ce dabararsa ta ƙare, wasu kuwa suka ce korarsa butulci ne. Tambayar da ta kamata a yi ita ce, shin ilminsa na ƙwallo ne ya ƙaru sannan ya ragu haka cikin gaggawa? Hankali bai ɗauki wannan ba. Abin da ya canja shi ne sakamako, kuma da sakamakon ne ake auna shi.

Wani misali zai ƙara fito da batun. Tun zamansa a Chelsea, daga 2000 zuwa 2004, an yi wa Ranieri laƙabi da mai yawan taɓe-taɓe, saboda yadda yake sauya 'yan wasa daga mako zuwa mako. A shekarar da ya ci kofi kuwa da ƙyar yake taɓa jerin goma sha ɗayansa, har mai tsaron gida Kasper Schmeichel da kyaftin Wes Morgan suka buga kowane wasa na gasar daga farko har ƙarshe, aka yaba masa da natsuwa. Da kaka ta gaba ta zo, rashin nasara ya sa ya koma sauye-sauye yana neman mafita, sai aka ce tsohon hali ya dawo. Amma da ya bar jerin yadda yake ana ta cinye shi, da an ce taurin kai ne. Watau duk hanyar da ya bi laifi na jiransa, muddin maki bai shigo ba.

Dalilin da ya sa mai horarwa ya fi kowa shan wannan hukunci a fili yake. Shi mutum ɗaya ne, ana ganinsa a bakin fili, kuma sallamarsa ta fi sauƙi da arha bisa ga sallamar 'yan wasa ashirin da ke da kwantaragi.

5.0 Hukunci a Kan 'Yan Wasa

Kwana 4 bayan korar, Leicester ta ci Liverpool 3 da 1 a ƙarƙashin mataimakinsa Craig Shakespeare, ta kuma ci gaba har ta ci wasan gasa 5 a jere, ta fitar da Sevilla ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a gasar Zakarun Turai. Maimakon wannan ya wanke 'yan wasan, sai ya zama hujja a kansu. Aka ce ashe da ma suna iyawa, da gangan suka ƙi, aka riƙa kiransu macizai. Jaridu sun ruwaito cewa wasu manyansu sun kai ƙarar Ranieri wurin masu ƙungiyar, su kuwa suka musanta. Vardy, wanda watanni kaɗan kafin nan ake rera sunansa, ya bayyana a watan Maris na 2017 cewa an yi masa barazanar kisa. A nan ne ra'ayi ya tashi daga hira ya zama ɓarna.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne na Ahmed Musa, wanda ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar 2009/10, wanda kuma Leicester ta saya daga CSKA Moscow a watan Yuli na 2016. A wasan share fage ya zura wa Barcelona ƙwallo 2, nan take aka ɗora masa buri mai nauyi, a can Ingila da nan gidajen kallon ƙwallo na ƙasar Hausa. A gasar Firimiya ta wannan kaka ƙwallo 2 ya ci, sai aka ce bai dace da Ingila ba. A 2018 kuma ya ci wa Nijeriya ƙwallo 2 a kan Aisland a gasar cin kofin duniya, aka dawo ana yabonsa. Wasa ɗaya ya ɗaga shi, kaka ɗaya ta sauke shi, wasa ɗaya ya sake ɗaga shi, alhali kuwa gudunsa da ƙafarsa suna nan yadda suke. Abin da ba a faye lissafawa ba shi ne cewa ya shigo ƙungiyar da ke cikin ruɗani, kuma sau da yawa daga benci yake tasowa.

Har ila yau, idon mai goyon baya ya fi bin wanda ya ci ƙwallo bisa ga wanda ya hana a ci. N'Golo Kanté, ɗan tsakiya Bafaranshe, ya koma Chelsea a watan Yuli na 2016. A shekarar da yake nan an zura wa Leicester ƙwallo 36, a shekarar da ba ya nan aka zura mata 63, ita kuwa Chelsea da ta ƙare ta 10 a 2016 ta ɗauki kofi a 2017. Ba za a ce shi kaɗai ne sanadi ba, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma giɓin da ya bari dalili ne da ya fi zargin makirci ƙarfi.

6.0 Hukunci a Kan Kakar Wasa

A nan ne babban kuskuren yake. Ga makin Leicester a kaka biyar a jere, daga 2014/15 zuwa 2018/19: 41, 81, 44, 47, 52. Duk wanda ya dubi wannan jeri zai ga cewa 81 ce bare a cikinsu, ba 44 ba. Amma mai goyon baya yakan ɗauki shekarar da ta fi daɗi ya mai da ita ma'auni, duk abin da ya gaza ta sai ya kira shi lalacewa.

Masana ƙididdiga suna da bayanin wannan, wanda za mu kira komawa ga matsakaici. Francis Galton ya bayyana shi a 1886 lokacin da ya lura cewa 'ya'yan iyaye masu tsayi ƙwarai sukan yi tsayi, amma a jimlace ba sa kai iyayen. Ma'anarsa ita ce, duk sakamakon da ya wuce ƙa'ida yana ƙunshe da gwaninta da kuma dace, gwanintar tana iya zama, dacen kuwa ba ya maimaita kansa. Ƙwallon ƙafa wasa ne mai ƙarancin ci, ƙwallo ɗaya na raba gardama, don haka rabon dace a cikinsa yana da girma. A watannin Maris da Afrilu na 2016 Leicester ta ci wasa 4 a jere, kowanne 1 da nema. Daɗin daɗawa, a wannan kaka ba ta da wasannin Turai da za su gajiyar da ita, kuma manyan ƙungiyoyi irin su Chelsea sun yi tuntuɓe.

Wannan ƙa'ida tana aiki ta ɗaya fuskar ma. Ana korar mai horarwa ne a lokacin da ƙungiya ta kai matuƙar faɗuwa, watau daidai lokacin da ake sa ran ta farfaɗo ko da ba a taɓa kowa ba. Idan ta farfaɗo sai a ce korar ce magani. Shakespeare ya sami maki 23 daga wasa 13, aka tabbatar masa da aikin. A kaka ta gaba ya ci wasa 1 cikin 8, aka kore shi a watan Oktoba na 2017.

7.0 Inda Magoya Baya Suke da Gaskiya

Kada a fahimci wannan takarda da cewa ra'ayin magoya baya shirme ne. Wanda yake kallon ƙungiya kowane mako yana ganin abin da tebur ba ya nunawa, kamar sanyin jiki, da rashin fahimtar juna tsakanin 'yan baya. Tsoron faɗuwa a watan Fabrairu na 2017 ba mafarki ba ne, domin maki 21 daga wasa 25 ya gaza ko da matsakaicin ƙungiyar, kuma faɗuwa tana nufin asarar kuɗin talabijin da ayyukan ma'aikata. Abin da ya faru daga baya ya nuna haɗarin na gaske ne, domin ƙungiyar ta ci kofin FA a 2021, amma ta faɗi daga Firimiya a 2023, ta dawo a 2024, ta sake faɗuwa a 2025. Magoya baya sukan gane cewa akwai ciwo, inda suke tuntuɓe shi ne wajen faɗin sanadinsa da maganinsa.

8.0 Kammalawa

A taƙaice, an nuna cewa hukuncin mai goyon baya yana fitowa daga mutumin da abin ya shafa, yana dogara ga wasannin da suka fi kusa, yana neman mutum guda da zai ɗora wa laifi, kuma yana mai da shekarar dace ma'auni. Shawarar da ta biyo bayan wannan ita ce, masu sharhi a rediyo da shugabannin ƙungiyoyi su riƙa duba kaka da yawa kafin su yanke hukunci, su kuma tambayi wane ne ya tafi, wane ne ya ji rauni, da wa aka kara. Mu ma malamai abin ya shafe mu, domin ɗalibin da ya ci 81 a jarrabawa ɗaya ya dawo 44 a ta gaba, mai yiwuwa bai lalace ba, kuma tsawar da aka yi masa ba lalle ita ce ta gyara ta uku ba. Ina fata masu sauraro za su gyara mini inda na yi kuskure.