Abin Da Ya Sa Kiran Asuba Ke Yin Nisa

Jama'a, sauti ba ya tafiya sai da abin da zai ɗauke shi. A cikin iska yakan ci kimanin mita 343 a daƙiƙa guda, a ruwa kusan 1,500, a ƙarfe kuwa ya haura 5,000.

Ita kanta iskar ba ɗaya ba ce. Sauti ya fi sauri a mai ɗumi. Da asuba ta ƙasa ta fi ta sama sanyi, sai sautin ya lanƙwaso ƙasa, ya yi nisa. Shi ya sa muke jin ladanin wata unguwa kamar a ƙofar gida.

Saboda haka muna roƙon masu kula da lasifikar masallatai, in an gama kiran salla su sassauta ta, domin akwai majinyata da jarirai a maƙwabta. Allah Ya sa mu dace.